In Dram Ya Ƙi Fita, Ku Ajiye Guduma

'Ya'yana da ƙannena masu koyon kanikanci a Rawayau da Kurfi da Dutsin-Ma, da ku da ke aiki a gindin bishiya a Birchi da Tsauri da Wurma, wannan takarda taku ce.

Kunnen da ya daɗe a gareji yana gane bugun guduma iri biyu tun daga nesa. Akwai bugun wanda ya san abin da yake nema: ɗaya, biyu, ya dakata ya duba, ya juya ƙarfen, ya sake. Akwai kuma bugun wanda zuciya ta ɗebe shi, ba tsayawa ba sassauci, kamar ana bugun dawa a masussuka. Irin na biyun ne na jiyo wata hantsi bayan ɗaukewar ruwan bara, shi ya tashe ni daga inda nake zaune, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Motar da ake aiki a kanta Golf ce doguwa, irin wadda ke ɗaukar buhuna da fasinja tsakanin ƙauyukanmu da kasuwanni. Mai ita ya ajiye ta tun farkon damina, domin kuɗin gyaranta ya tafi sayen taki. Ta sha ruwan Yuli da Agusta a tsaye, birkin hannu a ɗage. Da kaka ta yi, ya zo tayar da ita ya kwashi amfanin gona, sai tayar baya ɗaya ta ƙi juyawa, tana jan ƙasa. Na tarar da yaro ɗan shekara kamar sha bakwai ya cire taya, ya ɗaga motar a kan jak kaɗai, yana ta narka wa dram guduma a gefen baki, gumi har cikin ido.

Na ce, “Sannu da aiki, ɗana. Ina oganka?”

Ya ce, “Ya tafi Dutsin-Ma sayen kaya, Baba.”

Na ce, “To me ya riƙe dram ɗin?”

Ya ce, “Tsatsa ce, Baba.”

Na ce, “Ka gan ta da idonka?”

Sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Yaron ba malalaci ba ne, ba kuma dolo ba ne. A kan Toyota ya fara koyo, inda dram yake zaune a kan hob kamar murfi a kan tukunya, in an buga shi kaɗan ya saki. Bai taɓa buɗe na Golf ba, bai san cewa shi wannan noti ne ya ɗaure shi a tsakiya, a ƙarƙashin wata 'yar hula ta ƙarfe da baƙin giris da ƙura suka rufe. Da zai kwana yana bugu, ba zai fita ba. Da muka kwance notin muka sassauta shu, dram ya biyo hannu. Muka goge shi muka ɗaga a rana, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga baki ta nufi ciki. Kafin zuwansa garejin dram ɗin lafiyarsa lau, tsatsa ce kawai ta liƙe shi da shu.

Abin da nake so ku riƙe daga bakina shi ne wannan: dram ba ya ƙin fita haka kawai. Kullum akwai abin da ya riƙe shi, kuma abin yana da suna, yana da wurin zama. Aikin bakanike shi ne ya gano shi. Guduma tana da rana a wannan aiki, amma ita ce ta kusa da ƙarshe, bayan ido da hannu da tambaya sun gama nasu.

Bari mu fara da sanin abin da ke ciki, domin da yawanku kuna kwancewa kuna ɗaurawa ba tare da an taɓa zaunar da ku an bayyana muku ba. Dram kwano ne na ƙarfen zubi wanda ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai shu guda biyu masu siffar jinjirin wata, kowanne da fatar da aka liƙa masa a baya. In direba ya taka birki, man birki ya bi bututu ya shiga 'yar silindar da ke sama, ita kuma ta tura shu biyun su buɗe su matse cikin kwanon, taya ta tsaya. Ya ɗaga ƙafa, sifirin ya janyo su su koma mazauninsu. Dabarar ta tsufa, tun 1902 Louis Renault na Faransa ya sa irinta a motocinsa, amma har yau ba a rabu da ita ba, saboda tana da araha, a rufe take, kuma birkin hannu yana da sauƙin haɗawa da ita. Mu da ita muka buɗe ido a bayan Fijo 504 doguwa da a-kori-kura, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Ku kuma ga ta a bayan galibin Golf da ƙananan Toyota da bas-bas, ga ta a Keke Napep, ga ta a babur. Golf 3 ta fara fitowa ne a 1991, wato da yawa daga waɗanda ke bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma yau sun girmi direbobinsu. Ƙarfen da ya kai wannan shekaru yana son a bi shi a hankali.

Ku lura da kalmar zubi. Ƙarfen zubi yana jure zafi da guga, amma ba ya lanƙwasa. Bodin mota in ka buga shi zai lotsa, mai gyaran bodi ya fito da shi. Dram kuwa halinsa halin tukunyar ƙasa ne, in bugu ya fi ƙarfinsa sai ya tsage, wani lokaci tsagar da ido ba ya gani sai an wanke. Inda ya fi rauni kuma shi ne bakinsa, daidai inda hannun mai haushi ya fi kai guduma.

Kafin ku taɓa komai, motar ta tsaya a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Ƙasarmu rairayi ce, jak yana nutsewa a cikinta sannu a hankali ba ka sani ba. A sa masa katako mai faɗi a ƙasa, a sa weji gaba da bayan tayoyin gaba, a sa mota a giya. In an ɗaga, a tokare ta da ƙarfen tokari ko gungumen itace mai ƙwari, tayar da aka cire kuma a tura ta ƙarƙashin motar. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba sallama. Wannan aikin na ja ne da girgiza, kuma duk girgizar da kuka yi wa dram, jak kuke yi wa. Ina da abokin koyo da mota ta zame ta danne masa hannu a irin wannan aiki muna samari. Yana nan da rai, amma tun ranar hannunsa na dama bai sake riƙe sifana ba.

To, an tokare mota, an cire taya, an sauke birkin hannu. Ku tabbata an sauke shi har ƙasa, kada ku ji kunyar zuwa ku duba da kanku, domin na ga manya sun yi rabin awa suna fama da dram alhali sandar tana ɗage. Yanzu sai ku kama dram da hannu biyu ku tambaye shi. Yana juyawa? In kun ja shi, yana motsi ko ko ya kafe kamar an yi masa walda? Ko kuwa yana ɗan fitowa, sai ku ji wani abu ya janye shi ya koma? Amsar da ya ba ku ita ce rabin aikin.

In ba ya juyawa sam, shu ne ya kama shi. Ko dai wayar birkin hannu ta yi tsatsa a cikin rigarta, an sauke sanda a gaba amma ita ba ta saki a baya ba, ko kuma fatar shu ta manne da kwanon saboda ruwa ya shiga mota tana tsaye, kamar Golf ɗin da na ba ku labari. Wani lokaci ma fatar ce ta ɓamɓare daga ƙarfenta ta cushe a tsakani. Ku leƙa ƙarƙashi ku ja wayar da hannu ku ga ko tana da sako-sako. In mannewa ce, ɗan ƙwanƙwasawa a fuskar dram, zagaye da zagaye, tare da ƙoƙarin juya shi gaba da baya, yakan sa ku ji ya yi ƙas ya saki. Kuma ku gaya wa masu motoci, duk wanda zai ajiye mota ta yi damina a tsaye, ya sa ta a giya ya sa mata weji, ya bar birkin hannu a sauke.

In yana juyawa lafiya amma ya ƙi matsowa waje ko kaɗan, matsalar a tsakiya take. Ku goge fuskar da buroshin waya har ƙarfe ya bayyana, ku duba da kyau. Wasu motocin suna da ɗan sukuru ɗaya ko biyu da ya ɗaure dram da hob, kansa a shafe yake da fuskar, datti yana ɓoye shi. Wasu kuma, kamar Golf 2 da Golf 3, dram ɗin shi ne gidan boris, sai an cire hula, an zare fil, an cire makullin noti da notin da washa da boris na waje sannan zai fito. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to tsatsa ce ta haɗe ramin tsakiyar dram da wuyan hob. A nan ne ake ɗiga kananzir ko man fesawa irin WD-40 a daidai wannan da'irar, a bar shi ya jiƙa. Ku je ku sha ruwa, ku yi salla in lokaci ya yi, ku dawo. Minti ashirin na jira ya fi awa guda ta bugu. Sannan ku mayar da notocin taya kan ƙusoshinsu don kada guduma ta kuskure ta lalata zare, ku buga a fili tsakanin ƙusa da ƙusa, bugu matsakaici, kuna juyawa. Girgiza ce ke karya tsatsa, ba nauyin hannu ba.

Masu ƙera Toyota da wasu motocin Japan sun san wannan rana za ta zo, shi ya sa suka bar ramuka biyu masu zare a fuskar dram. Yara da yawa suna ganinsu kullum ba su taɓa tambayar amfaninsu ba. Ku sami ƙusa biyu masu kaurin milimita 8 da zarensu ya dace, ku share ramukan, ku ɗaura su. Ku juya wannan rabin zagaye, ku koma wancan rabin zagaye, haka haka, ƙusoshin suna tokarar hob suna turo dram waje a miƙe. Za ku ji ya yi ƙara ya rabu. Duk ɗan koyo ya kamata a sami waɗannan ƙusoshi biyu a aljihunsa, ba su kai kuɗin shayi da burodi ba.

Amsa ta uku ita ce wadda ta fi cin mutane, kuma a kanta zan daɗe. Dram ya saki daga tsakiya, ya fito kamar faɗin yatsa, sai ya tsaya, in ka sake shi ya koma da kansa. Wannan komawar sifirin ne ke yin ta, alama ce cewa shu yana biyo dram waje. Dalili kuwa, shekara da shekaru shu yana cin cikin kwanon, amma ba ya kaiwa can bakin-baki, sai wurin ya rage da tudu kamar leɓen tukunya, tsatsa ta ƙara masa kauri. Ga shi kuma akwai ajasta a ciki wadda aikinta shi ne ta riƙa ƙara buɗa shu yayin da fata ke cinyewa, don kada birki ya yi nisa. Sai ya zama shu yana zaune a cikin kwari, leɓe ya tare masa hanya. Wanda ya sa ƙarfe ya ɓanɓaro a wannan hali, ko ya ci gaba da ɗaura ƙusoshin nan biyu da ƙarfi, zai fito da dram, amma zai fito da shi tare da karyayyun filoli da miƙaƙƙen sifirin da lanƙwasasshen farantin baya, wani lokaci har silinda ta tsage. Aikin sauya shu ya koma aikin sauya komai.

Maganin shi ne a mayar da dram mazauninsa, a sassauta ajasta, shu ya tsuke. A motocin Japan, ku zagaya bayan farantin za ku ga wata 'yar roba ta toshe rami. Ku cire ta ku haska fitilar waya. Akwai ƙaramin gare mai haƙora, da wani ɗan harshen ƙarfe da ya danne shi don kada ya koma baya. Da siririyar sukudireba ɗaya za ku ture harshen, da ta biyu ku riƙa juya garen haƙori bayan haƙori. In kun ji dram yana ƙara tauri, kun bi hanyar da ba ita ba, ku juya akasin haka. In ya yi sako-sako, ku ja, zai biyo ku. A Golf kuwa ba gare ba ne, weji ne ɗan ƙarami da sifirin ke ja ƙasa. Ta ɗaya daga ramukan ƙusar taya ake kai masa: ku juya dram har ramin ya zo daidai da shi, ku haska, ku zura sukudireba ku tura shi sama. Za ku ji shu ya koma. Aikin da bai kai minti biyu ba ga wanda ya sani. Da na nuna wa yaron nan wannan wejin ta cikin rami, sai da ya kalle shi ya sake kallo, ya ce, “Baba, dama abin nan kawai?” Na ce masa shi kaɗai.

Akan sami wanda duk wannan bai yi masa ba, ajasta ta ci tsatsa ta ƙi motsi. A nan sai a yanke kawunan filolin da ke riƙe shu ta bayan faranti, komai ya fito tare, a sayi sababbin filoli, waɗanda ba su da tsada. Amma wannan hukuncin oga ne, ba na ɗan koyo ba. Haka ma wuta. Ana ɗan gasa kewayen tsakiyar dram don ya buɗe ya saki hob, amma tankin mai yana nan kusa, a wasu motocin ma na roba ne, ga bututun birki, ga giris ɗin boris, ga robobin silinda. Kada ɗayanku ya kira mai walda ya kunna wuta a ƙarƙashin motar mutane ba da sanin ogansa ba.

In dram ya fita, kada kowa ya taka birki, in ba haka ba fistocin silinda za su yi tsalle waje mai ya zube. Ku faɗa da baki, domin yaran unguwa suna son zama a kujerar direba. Kada kuma ku kwance ɓangare biyu lokaci ɗaya. Ku bar ɗaya a haɗe ya zama muku allo, ku kuma ɗauki hoto da waya kafin ku cire sifirin na farko. Mu a zamaninmu a ƙasa muke zanawa da tsinke, ku Allah ya hutar da ku.

Sai maganar ƙurar da ke ciki, wadda na san ba wanda ya taɓa ja muku kunne a kanta. Al'adar gareji ita ce a hure ta da baki ko a sa iskar mai faci. Ku daina. Shekaru da yawa ana yin fatar birki da wani ma'adini da ake kira asbesto, wanda zarensa ke shiga huhu ya zauna, sai bayan shekara 20 ko fiye ya fito da ciwon huhu ko sankara. Ƙasashen Tarayyar Turai sun haramta shi gaba ɗaya tun 2005, amma mu tsofaffin motoci muke buɗewa, muna kuma ɗaura shu da aka sake wa fata a kasuwa, wanda ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Ku ɗauki kowace ƙurar birki a matsayin mai cutarwa. Ku jiƙa tsumma ku goge, ku rufe hanci, ku wanke hannu kafin ku sa shi a kwanon abinci. Kuna da shekara sha bakwai ko ashirin yanzu, huhun nan shi za ku kai shekara sittin da shi in Allah ya ba da rai.

Ku duba abin da kuka buɗe da idon mai neman laifi. Ku ɗaga robar bakin silinda, in akwai danshin mai a ciki ta mutu, a sauya. Fatar da ta sha mai ko giris ba ta da sauran amfani, ko an wanke ta da fetur an ƙona, kuma fetur da baƙin mai suna kumbura robobin birki, kada su kusance su. A jikin mafi yawan dram an rubuta iyakar faɗin da cikinsa zai kai kafin a jefar da shi, kuma tsakanin sabo da wanda ya ƙare sau da yawa milimita ɗaya ne ko biyu. Leɓen da ya wahalar da ku, a goge shi kafin a mayar. Wuyan hob a kankare tsatsarsa a shafa masa giris ɗan kaɗan, iya wurin, don wanda zai buɗe bayanku ya sami sauƙi. Shu kuma ana sauya na dama da na hagu tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe ɗaya in an taka. A Golf, notin boris ba a ɗaure shi tamau kamar na taya. Ana ɗaurewa ne daidai yadda washar da ke bayansa za ta iya ɗan gusawa in an tura ta da bakin sukudireba da ƙarfin yatsa, sannan a sa sabon fil. Ƙusar kafinta da ake lanƙwasawa a madadin fil ta sha raba taya da mota a guje. In an gama, a taka birki sau da yawa mota tana tsaye har ƙafa ta ji tauri, a gwada a fili a hankali, sannan a miƙa makulli.

Na san abin da za ku ce, domin ni ma na tsaya inda kuke tsaye. Za ku ce, Baba, duk wannan mai lokaci ne ke yin sa, mu direba yana tsaye a kanmu yana duban rana. Gaskiya ne, kuma ban ga laifin direban ba. Kowa ya san halin rashin tsaron da yankinmu ya shiga a shekarun nan, daga Batsari da Safana har Kurfi da Dutsin-Ma, ba mai son magariba ta riske shi a hanya da fasinja. Ga mata da yara sun sauko sun zauna a inuwa suna kallonka, ga ɗan kamasho yana bugo waya daga tasha. A irin wannan lokaci hannu da kansa yake neman guduma. Amma ku yi lissafi da ni. Wejin nan minti biyu ne, jiƙa tsatsa minti ashirin. Dram da ya tsage kuwa sai an je Dutsin-Ma ko Katsina, in ba a dace ba sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, motar ta kwana biyu a kan itace. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 darajar naira kuma ta faɗi, kun ga yadda kuɗin kayan gyara da na zuwa sayensu suka koma. Wannan shi ne sauri ya haifi nawa. Abin da ya fi shi ne tun da kuka taɓa dram kuka ji amsarsa, ku dubi direban ku ce, “Yaya, wannan aikin zai ci awa guda, in ka ga dare zai yi, a nema wa fasinja wata motar tun yanzu.” Zai yi fushi a ranar. Shi ne kuma zai dawo wurinku wata mai zuwa, ya kawo ɗan'uwansa.

Abin da ya fi tsagewar dram muni shi ne ɓoye ta. Ranar da muka ga tsagar nan, wani daga cikin masu kallo ya ce a shafa mata baƙin mai a mayar, ai ba ta kai ciki ba. Wani ya ce a kai wa mai walda. Na dubi yaron na ga ya fara karkata ga maganarsu, saboda tsoron oga. Ban zarge shi ba, amma na ce masa dram yana yin zafi ya huce sau ɗari a tafiya ɗaya, tsagar da ta fara ba ta komawa baya, walda kuma ba ta mayar da ƙarfen zubi yadda yake, tana ma karkatar da da'irarsa. Motar nan buhu nawa za a ɗora mata, mutum nawa za su zauna a kan buhunan? Mota in ta yi nauyi a baya, birkin baya yana ɗaukar aikin da ya fi na kullum. Ranar da akuya ko yaro zai gitta a bakin kasuwa, ranar ce kwanon zai buɗe. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, suna iya tsayar da mota su duba taya da fitila da takardu, amma ba mai cire taya a bakin hanya ya leƙa cikin dram. Daga kai sai Allah kuka san abin da ka rufe a ciki. Haka wanda ke toshe bututun tayar da ke yoyo da ƙusa ya sallami mota da birki uku, da wanda ke zuba ruwan sabulu a madadin man birki. Man birki mai lamba DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya haura digiri 205, ruwa kuwa a 100 yake tafasa, in ya tafasa a cikin bututu ƙafar direba sai ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama.

Yaron ya jira ogansa ya dawo, ya ɗauki dram ɗin ya kai masa da hannunsa, ya ce shi ya fasa. An yi masa faɗa, faɗa mai zafi ma. Ogan ya biya rabin kuɗin wani dram, mai mota ya biya rabi, motar ta yi kwana biyu kafin ta tashi. Yaron yana nan a garejin har yau, kuma na lura yanzu shi ake bar wa aikin birki in oga zai fita.

Ku ma ogogi da wannan takarda za ta iso hannunku, ina roƙonku, kada ku tafi sayen kaya ku bar yaro da aikin da ba ku taɓa buɗewa a gabansa ba. Yaron da ake zagi in ya yi tambaya, guduma zai riƙa tambaya. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 motoci iri-iri suke bin hanyar nan, kowace da yadda aka ɗaure birkinta, ba wanda zai ce ya gama sani. Ni da furfurata, in aka kawo wadda ban taɓa buɗewa ba, sai na buga waya na tambayi wanda na haifa.

Ku kuma 'ya'yana, ranar da gareji ba aiki, ku roƙi oga ya ba ku tsohon faranti da shu da dram daga cikin tarkacen da ke jibge a bayan rumfa. Ku zauna a inuwa ku kwance ku ɗaura, ku nemo garen nan mai haƙora da wejin nan da idonku, ku sassauta ku matse har hannunku ya iya yi ta cikin rami ba tare da fitila ba. Ku nemi ƙusa biyu masu milimita 8 da siririyar sukudireba biyu ku ajiye a jakarku tun wannan makon. Wanda ya rasa mai nuna masa, ya zo Rawayau bayan la'asar ya tambayi tsohon bakanike, akwatin kayan aikina yana nan, zan nuna masa.